Ƙosai Kwano Biyu

Shekarar da council, hukumar gari, ta rage kwashe shara a Salford, ina zaune wurin 'yata da ke bincike a jami'a kan wata 'yar ƙasa, ɗan tsibiri a tsakiyar teku. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma kunnena ba ya barci. Ta ce ƙasar ba ta da soja, don haka manufarta ɗaya ce: kada ta yi abokin gaba. Manyan ƙasashe na faɗa, ita tana gaishe su duka, don su tuna da ita ranar da teku ya taso mata.

Na ce, "Wannan ai munafunci ne mai tuta."

Ta ce, "Inna, ke da kika ɓata da maƙwabtan dama da hagu, wa zai tuna da ke?"

Ba ta yi ƙarya ba. Ta dama na yi mata tsawa kan karenta, na hagu kan kiɗa, su biyun kuma ba sa ga-maciji.

Sai bin ɗinmu na zuba shara ya cika, motar shara sai bayan mako uku, ɓeraye suka fara yi mana sallama. Maƙwabtan kuwa kowa shi kaɗai ne a gidansa, bin ɗinsa ko rabi bai kai ba.

Na soya ƙosai, na raba kwano biyu daidai wa daida. Mai kare na yi mata ƙorafin kiɗa, mai kiɗa na yi masa ƙorafin haushin kare. Duka suka buɗe mini bin.

'Yata ta ce, "Ranki ya daɗe, ministar harkokin waje."

Na harare ta, na ce ta miƙo mini sauran ledar sharar.