Gum-gum a Bayan Jif

Ƙarfe tara da kwata na safe, a wani gareji a Tudun Wada, ni da Inna da Sani bakanike, na sha kunya!

Jiya aka ɗaga mini jif, aka ƙara mata tsayi, saboda ramukan hanyar 'Yankuzo, inda za mu je suna yau. Muna tashi, bayanta ya fara gum! gum!

Da farko Sani ya canza shokazoba, ƙara ba ta daina ba. Na biyu ya kwance sifirin duka. Na uku ya leƙa ƙarƙashin kujerar baya, sai ga turmi!

Inna ta ce mini, "Nawa na, matarka ta saka min. Kun mai da mota raƙumi, mi zan taka in sauka?"

Sani ya ce sake ɗaura sifirin sai gobe. Jama'a, duk mai mota a kusa, don Allah ya zo ya kai Inna wurin suna kafin azahar.