Kakin Ganduroba a Misfala

A shekarata ta biyu a Makka na fara zuwa gidan gwaggona duk ƙarshen mako. Ni ɗaliba ce, da igamata, wato takardar izinin zama, a jaka, ɗakina yana gidan ɗalibai mata can wajen Zahir, inda babu abin da ke damuna sai nahawu da zafin rana. Gwaggo kuwa tana Misfala, a wani tsohon bene mai matsattsen matakala. Ta zo aikin hajji tun kafin a haife ni, ba ta koma ba. Tuwo take tuƙawa tana sayar wa alhazan da suka gaji da shinkafa. Ba ta da takarda. 'Yarta ma, wadda nake kira ƙanwata, ba ta da ita, duk da a nan aka haife ta, kuma Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Da za a kama ta, jirgi za a sa ta zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba sai a waya.

Benen yana da dokokinsa, kuma kusan duk mazauna cikinsa irin Gwaggo ne. Ba a barin takalmi a bakin ƙofa. Kowa ya cire nasa sai ya sa a leda ya shiga da shi, don kada mai wucewa ya gane yawan mutanen ciki, don kuma in gudu ya kama kada a tsaya nema. Ba a kuma buga ƙofa. Sosa ta ake yi da farce, a yi sallama ƙasa-ƙasa, mutum ya faɗi ko shi wane ne. Masu duba takardu ne kaɗai ke bugawa. Zuwana na farko na ƙwanƙwasa kamar yadda muke yi a Zariya, na daɗe a tsaye shiru, sannan Gwaggo ta leƙo tana haki. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama yatsuna ta nuna mini yadda ake sosawa.

Akwai wata tsohuwa Basakkwaciya da ke zuwa koya wa matan benen Alƙur'ani, kowa Malama yake ce mata. Ita tana da takarda ta wajen marigayi mijinta, gidanta kuma yana wata unguwa, har da ƙararrawa a ƙofa. Da wasu daga cikin matan suka sauke, aka shirya walima, sai Malama ta ce za a yi ɗan wasan kwaikwayo na mata zalla. Labarin mahaifiyarta ne. Tana yarinya, zamanin da Turawa ba su tafi ba, an kama ta tana yawo a tashar jirgin ƙasa, aka kai ta gidan horon 'yan mata, inda ake koya musu wanki da ɗinki da tsayuwa a layi. Malama ta ce har tsohuwar ta rasu ba ta son jin ƙarar usur.

Ranar rabon aiki ina can lungu da littafina, ina ganin ba ruwana. Malama ta nuna ni da tasbaha.

"Ke ce ganduroba."

Na ce, "Malama, ni? Ko a aji ba a jin muryata."

Gwaggo ta ce, "To wa zai sa kaki in ba ke ba, 'yar nan? Ke ce mai igama. In an gan ki da shi kika ce wasa ne, a yarda. Mu in an gan mu da shi, sai tarhil, a tasa ƙeyarmu gida."

Mata suka yi dariya, amma babu wadda ta musa. Haka na zama ganduroba. Ƙanwata kuma aka ba ta yarinyar da ke tserewa daga gidan horo a kamo ta, wato mahaifiyar Malama.

Tun daga ranar barci ya yi mini wuya. Tsayuwa gaban mutane nake tsoro, don haka na fake a bayan abin da na iya. Na zauna da Malama na yi ta tambayarta kalar rigunan, da tsawonsu, da inda ake ɗinka lamba. Na sayo yadi mai ruwan toka na ɗinka wa 'yan matan riguna marasa ado, kowace da farin ƙyalle a ƙirji an rubuta lamba. Na ɗinka wa kaina kaki, na yanke sandar mofa na shafa mata baƙin fenti ta zama kulki, na sayo usur a shagon kayan wasan yara. Ƙofar gidan horon kuwa kwalin firji ce da muka jingina da igiyar shanya.

Kaya sun yi kyau. Murya ce ta ƙi. Akwai inda ganduroba ke buga ƙofa ta shigo ta tarar da yarinyar a tsugune, ta daka mata tsawa ta ce ta tashi. Duk gwajin da muka yi, sai in ɗan taɓa kwalin, in shigo, in ce, "Tashi mana."

Ƙanwata ta kan kwanta a ƙasa don dariya. "Ya Yaya, saura ki ce don Allah! Wallahi ko kyanwa ba za ta tashi ba. Ganduroba ce ke ko mai neman aron gishiri?"

"Ke dai ki gyara Hausarki. Jiya kin ce wa Malama kin cinye ruwa."

"Halas, na ji. Amma ni ana jin tawa."

An yi walimar bayan la'asar a saman bene. An kewaye wurin da zannuwa a kan igiyoyi don kada maƙwabta su gani. Mata sun cika wurin, daga benenmu da na kusa, kowace da ledar takalmi a cinya. Ƙamshin waina da turaren wuta ya haɗu da zafin da siminti ke fitarwa. Aka yi karatu, aka yi addu'a, aka fara wasa. Ni ina kan matakala a bayan ƙofar ƙarfen da ke fita saman, ina jiran lokacina, gumi yana bin bayana a cikin kakin. Ta 'yar kafar ƙofar ina hango ƙanwata a rigarta mai lamba tana wanki a baho, tana kuka irin na wasa, mata suna ta "Allah sarki."

Sai Malama ta zagayo wurina, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Ɗiyata, bar kwalin nan. Innata ta ce ƙofar ƙarfe ce. Wannan za ki buga, da ƙarfi, ki busa usur."

Na ce, "Malama, ba a buga ƙofa a gidan nan."

"Na gaya musu, sun sani. Yi abin da na ce."

Ta shige ta ja ƙofar. Daga baya na ji cewa 'yan sahun gaba kawai ta gaya wa, su ma a cikin hayaniyar rabon waina. Ni dai ban taɓa musa wa malami ba a rayuwata. Na ɗaga kulkin, na buga, na sa usur a baki na busa.

Ƙarar ta cika matakalar har ni kaina na firgita. Na tura ƙofar na shiga, ina jiran dariya.

Babu wadda ta yi ihu, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Wurin da ya cika da mata ya riga ya fara zama fili. Wasu suna tsallaka gajeriyar katanga zuwa saman benen maƙwabta, suna miƙa wa juna jarirai ba tare da magana ba. Wata tsohuwa da nake ganin ba ta iya miƙewa sai an kama ta, na gan ta a kan katangar, ledarta a haƙori. Wata ta toshe bakin ɗanta da tafin hannu. Waɗanda suka waiwayo kaki suka gani, ba su tsaya duba fuskar da ke samansa ba. Ba a jin komai sai ƙarar leda da tafin ƙafa.

Malama tana tsaye tana cewa, "Wasa ne! Jama'a, wasa ne!" Babu mai sauraronta.

Gwaggo ce ta cafke hannuna. "Ina ƙanwarki?"

Bahon yana nan, ruwa ya zube. Abayarta tana rataye a igiya, ledar takalminta a ƙasa. Ƙaramar ƙofar matakalar baya, wadda ke sauka lungu, a buɗe take. Ita da ta san wasan fiye da kowa, ta saba da kwali, da ta ji ƙarfe ƙafafunta suka riga ta yanke shawara. Ta fita titi ba abaya, ba takalmi, da riga mai ruwan toka da lamba a ƙirji, lambar da ni na ɗinka da kyau don a iya karanta ta daga nesa. Duk askari, wato ɗan sanda, da ya gan ta zai ɗauka daga wani wurin tsare mutane ta tsere.

Gwaggo ta nufi ƙofar. Na riƙe ta. Ban san inda na samu bakin ba, na ce, "Gwaggo, in kin fita an yi biyu. Ni ce mai igama."

Na zura abayata a kan kakin, na ɗauki tata, na sauka. A tsakiyar matakala na tuna ban ɗauko takalminta ba, ban kuma koma ba.

Lungunan Misfala ban san su sosai ba, kullum ƙanwata ce ke gaba ina binta. Na leƙa bayan tankunan ruwa, na leƙa ƙarƙashin wata matakala, na duba bagalar da muke sayen burodi, mai shagon ya dube ni na kasa tambaya. Sunanta ma ban iya kira da ƙarfi ba, don kada in jawo ido. Ina tafe ina tunanin yadda zan hau matakalar nan in gaya wa Gwaggo ban gan ta ba.

Na same ta inda lungun ya ƙare ya haɗu da babban titi. Tana tsugune tsakanin bango da wata mota mai lulluɓe da tampol, ta rungume gwiwoyinta. Gabanta kaɗan, alhazai ne ke ta kwarara zuwa Harami don sallar magariba. A bakin lungun kuma, daidai kwanar, motar sintiri ce a tsaye, askari ɗaya ya jingina da ita, ɗayan kuma ya fara takowa cikin lungun a hankali yana duban sama, wataƙila ya ga mata a kan katanga.

Na durƙusa na yafa mata abayar. "Tashi mu tafi."

Ba ta motsa ba. Idanunta a buɗe, amma ba ni take kallo ba. Haƙoranta suna haɗuwa.

"Don Allah, ƙanwata, tashi. Ni ce."

Takun askarin yana ƙara matsowa. In muka koma baya zai ga muna guje masa. In muka zauna zai iske mu a tsugune a bayan mota. Hanya ɗaya ce, mu wuce ta gabansa mu shiga cikin alhazai, kuma dole ta yi tafiyar da ƙafarta.

Na miƙe tsaye a kanta kamar yadda Malama ta yi ta koya mini. Ban ɗaga murya ba, amma abin da ya fito daga bakina ba irin maganata ba ce.

"Tashi! Miƙe, na ce! Rufe ƙirjinki. Kalli ƙasa. Wuce gaba."

Ta zabura ta miƙe. Na cire takalmina na tura mata, ni na tsaya da safa. Na ja mayafin na rufe mata fuska, na damƙi hannunta sama da gwiwa, na tura ta gaba.

Mun zo daf da shi. Ina jin usur ɗin yana lilo a wuyana a ƙarƙashin abaya, ina jin wuyan kakin yana neman leƙowa. Na tuna igamata tana cikin jakata, jakar kuma tana saman bene. Ya dube mu, ya dubi ƙafata mai safa. Kwalta tana ƙona ni amma ban canza taku ba. Daidai nan aka fara kiran salla, mutanen titi suka ƙara sauri, wasu tsofaffin alhazai suka taru a bakin lungun suna neman hanya. Ya kaɗa mana hannu kamar yadda suke yi wa kowa.

"Yalla ya hajja, yalla."

Muka shiga cikin jama'a. Ban saki hannunta ba har sai da muka ga fitilun Harami. Mun yi salla a farfajiyar waje. A sujada na ji jikina yana rawa har goshina yana bugun dutsen. Da muka sallame ta ɗaga hannun rigarta ta duba, yatsuna sun fito a fatarta.

Ta ce, "Kin ji mini ciwo."

"Yi haƙuri."

Can ta ce, "Ashe kina da murya, ya Yaya." Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Mun koma tare da masu dawowa daga salla. A ƙofar Gwaggo na sosa da farce, na yi sallama ƙasa-ƙasa, na ce mu ne. Ta buɗe, ta jawo 'yarta ciki, ta shafa fuskarta da kafaɗunta kamar mai duba ko wani abu ya ɓace. Malama tana zaune a ƙasa a gefe, tasbaharta a hannu ba ta ja. Ta buɗe baki, Gwaggo ta ce, "Malama, ki bari sai gobe."

Ba a ƙarasa wasan ba. Wasu matan ba su dawo ɗaukar kwanukansu ba sai bayan kwanaki. Washegari na zauna da reza na farke lambobin nan daga rigunan, Gwaggo kuma ta yayyanka kakin ta mai da shi tsumman sauke tukunya. Tafin ƙafata ya yi bororo, na koma makaranta ina ɗingishi, da aka tambaye ni na ce takalmi ne ya ɓace mini a Harami. Ƙanwata tana Misfala har yanzu, ba takarda. Takalmin nawa bai dawo ba, ta ce ya fi nata daɗin gudu.