Kwamfutar Shanya Kuɓewa

A unguwar Wunti, duk wanda faifansa ya ƙi buɗewa a kwamfuta, wurin Ɗanlarai ake tura shi. Da gyaran rediyo ya fara; da kwamfutoci suka shigo ofisoshin Bauchi, sai ya koma kansu. Halinsa guda kowa ya sani: ba ya zubar da tsohon inji. Shago ya cika, zaure ya cika, har wata tsohuwar kwamfuta ta gangara tsakar gida, inda matarsa Yagana ta lulluɓe ta da buhu, tana shanya kuɓewa a kai.

Wata Laraba da hantsi, Irmiya, abokin karatunsa tun firamare, ya zo da faifai naɗe cikin hankici. Waƙar marigayiya matarsa Cecilia ce a ciki, wadda aka ɗauka a majami'a shekara tara baya, kuma babu wani kwafi. Ranar Asabar za a ɗaura auren 'yarsu, ta roƙi a sa muryar mahaifiyarta.

"Shago huɗu na je," in ji Irmiya. "Kowa ya ce babu komai a ciki."

Ɗanlarai ya hura wa faifan iska, ya goge da bakin riga, ya gwada a sabuwar kwamfutarsa. Shiru. Ya ɗaga shi a hasken ƙofa, ya ga zoben da ɗaukar ta bari.

"Waƙar tana nan. Wanda ya zuba ta ne bai rufe faifan ba, wato bai kammala aikin zubawar a kwamfuta ba. Sababbin injina ba sa kula irinsa, sai tsoho ɗan'uwansa."

"Kamar ni da kai ke nan."

"Kamar kai dai. Ni da saurana."

Suka nufi gida wurin tsohuwar kwamfutar. Yagana ta tare su: "Malam, kuɓewata ba ta bushe ba."

"Aron minti goma, Hajiya."

Aka kaɗe ƙura, aka jawo wuta. Injin ya yi gurnani kamar mai ciwon baya, ya daɗe yana tunani. Can sai muryar Cecilia ta cika tsakar gida. Irmiya ya cire tabarau, ya yi ta gogewa, alhali babu datti.

Ɗanlarai ya rufe faifan, ya yi kwafi uku, ya miƙa masa. Sannan ya juya ga Yagana yana gyara hula.

"To, kin ga tarkacen nawa?"

"Na gani, Allah ya ƙara basira. In kun gama, a mayar mini da teburina inda rana take."