Shatar Baffa Sirajo Zuwa Ƙasar Waje

Baffa Sirajo, wan mahaifina, gyaran rediyo yake yi a Kalgo, a wata 'yar rumfa kusa da tasha. A Gwandu aka haife shi, can danginmu suke, sana'a ce ta zaunar da shi Kalgo. Shekara talatin da ɗoriya yana murɗa rediyon mutane don ya ji ko ta gyaru, saboda haka babu ƙasar da bai san halin da take ciki ba. Zai gaya maka ƙanƙara ta rufe hanya a Jamus, shinkafa ta yi tsada a Indiya. Shi kansa kuwa iyakar tafiyarsa Sakkwato, ita ma sau biyu, sayen kayan gyara.

Lokacin da yake neman auren Inna Kubura, ya ce mata in ta yarda da shi sai ya kai ta ƙasar waje. Ta yarda. Ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai duk ranar da jirgin sama ya gifta ta saman gida takan ɗaga kai daga tankaɗe ta ce, "Malam, ga motarmu can ta wuce ba ta tsaya ba."

Shekarar da hawan jini ya kwantar da ita mako biyu, ranar da ta fara iya zama ta kira shi ta ce, "Malam, ƙasar wajen nan, na yafe maka ita." Baffa ya tashi ya fita. Da gori ta yi masa da ya shanye kamar kullum, yafiyar ce ta tsaya masa a wuya. Kasuwa ta gaba ya sayar da bijimin da yake turkawa, ya nemo Isa direba mai mota Sharon, ya ɗauki shatar motar kwana uku, daga safiyar Talata zuwa magaribar Alhamis, don ranar Juma'a an riga an kama ta ɗaukar amarya. Gaya za mu, cikin Nijar, ta Kamba. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Za mu ga babbar gada, mu ci dogon burodinsu, mu kwana biyu. Mu huɗu ne bayan direba: Baffa, Inna, autarsu Mubaraka, da ni mai riƙon katunan shaida.

Sai dai akwai wani abu game da Baffa da Isa bai sani ba. Wansu na fari ya tafi cin rani tun suna samari, ya fita da asuba bai sallami kowa ba, kuma har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kakarmu ta rasu tana cewa, "Ko sallama bai yi mini ba." Tun daga nan Baffa ko Jega zai je sai ya leƙa maƙwabta ya nemi gafara.

Safiyar Talata muka shiga mota. Isa ya karya kai wajen hanyar Bunza, Baffa ya dafa hannunsa.

"Gwandu za mu hwara."

"Malam, Kamba ta nan take. Gwandu baya ce."

"Na sani, ɗana. Ƙasar waje za ni, ba kasuwar Jega ba. In ƙetare iyaka ban yi sallama da dangi ba? Awa guda ce."

A Gwandu gidan kakanni muka fara sauka. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, aka yanka zakara. Wanda aka yanka wa zakara kuwa ba ya tashi sai ya dahu. Baffa ya durƙusa gaban ƙanen kakanmu ya nemi gafara, tsohon ya yafe, ya yi doguwar addu'a, sannan ya ce, "Ka dai je ma Malam Ibrahim na bayan masallaci ko? Kar ya ji a bakin duniya." Muka je. Malam Ibrahim ya yafe, ya tambaya ko mun je wa gwauruwar wansa. Haka kowane gida yake miƙa mu ga na gaba kamar tulun gayya. A Gwandu muka kwana.

Laraba Dalijan, daga nan Masama, wurin Goggo Halima, yayar su Baffa. Ita ce ta farko da ba ta ce ta yafe ba.

"In yahe mi? Akuyata hwa?"

"Wace akuya, Yaya?"

"Wadda na ba ka kiwo shekarar da anka yi hwarar ɗango. Kac ce kura ta ci. Kurar da ta bar igiya a kwance, ta kuma rufe ƙyaure bayanta."

Aka kira dattawa biyu, aka zauna shari'ar akuyar da jikokinta ma sun daɗe da zama kilishi. Ba a tashi ba sai da rana ta faɗi. Goggo ta yafe, ta kuma ba da saƙon buhun gero rabi a kai wa wata ƙawarta da aka ce tana Nijar, ba ta san garin ba, amma doguwa ce mai wushirya.

Isa ya zagaya bayan mota ya ce da ni, "Ni dai tunda nike shata ban taɓa ganin wadda mai bai ƙare ba, taya ba ta hwashe ba, amma cikin direba ya kusa hwashewa."

Duk kwana biyun nan Inna na kujerar baya da sabon lifayanta, jakarta a cinya. Na ga dai ta daina kallon taga.

Ranar Alhamis da hantsi muka sake ratsa Kalgo, ta ƙofar rumfar Baffa. Masu shayi suka ɗaga hannu suna yi mana barka da dawowa. Da muka kusa mararrabar Wurogauri, ƙauyen su Inna, Baffa ya gyara murya.

"Saura danginki, Kubura. Ba mu daɗewa."

"Dangina na, ni na san su," in ji Inna. "Sun yahe. Isa, miƙe."

Isa bai jira ta bakin Baffa ba.

Bayan azahar muka isa Kamba. Isa ya ce kafin a gama takardun ƙetarar da mota lokacinsa ya cika, amma zai jira mu awa ɗaya. Baffa ya tsaya riƙe da murfin mota, ya kasa duban Inna. Ita kuwa ta riga ta sauka, ta gyara lifaya, ta karɓi katinta a hannuna ta yi gaba. Muka bi ta a ƙasa, muka ƙetare iyaka.

Can ƙetare wata 'yar kasuwa ce ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Awaki irin namu, rana irin tamu, Hausa irin tamu har da "mi" da "awo". Inna ta zauna gaban wata mai fura, ta ce a dama mata.

"Daga ina baƙi?" in ji matar.

"Kalgo."

Matar ta juya ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. "Habiba, miƙo min sukari. Mutanen ƙasar waje na, ba su shan hura gaya."

Inna ta riƙe ludayi a sama. Ta dubi matar, ta dubi Baffa, sai dariya ta kama ta, irin wadda ban ji ta yi ba tun kafin ciwonta, har tana share ido da bakin lifaya.

"Malam, ashe tun ranar da anka kai ni ɗakinka ka cika alkawali. Shekara talatin ina zaune ƙasar waje, ba wanda ya hwaɗa min."

Baffa ya zauna a kan benci kamar wanda aka sauke wa kaya, ya shanye furar da ta rage. Daga nesa muka ji hon ɗin Isa. Baffa ya miƙe ya rusuna gaban mai furar, ya ce za mu koma, in mun yi mata wani laifi ta gafarta mana.

"Ba ku yi min komi ba," ta ce. "Kun dai gaida mai gari ko?"

Na ga Baffa ya fara waiwayen ta ina gidan mai gari yake. A ranar na fara ganin Inna ta kama hannun rigar mijinta a bainar jama'a.

Geron Goggo Halima yana nan a zauren Baffa, ana jiran doguwa mai wushirya. Shi kuma yana rumfarsa. In rediyo ta ambaci Nijar yakan rage murya, ya dubi mai kayan ya ce, "Na san wurin. Hurarsu ba ta kai tamu ba."