Doña Apolonia da Hanyar Fure Daga Rafi

Kafin a kaɗa ƙararrawar coci da safe, Doña Apolonia ta riga ta buɗe ƙaramin asibitin garinmu, ta share baranda, ta ɗora ruwan zafi. Ta duba masu hawan jini, ta yi wa jarirai allura, ta balbale iyayen da suka makara da faɗa. In rana ta yi sanyi sai ta rataya jaka ta bi gidajen tsofaffin da ƙafa ta ƙi. Rabin mutanen garin nan a hannunta suka yi kukan farko, har da ni. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Wasu za su yabe ta kan karɓar haihuwa, sun kuma yi gaskiya. Ni a kan Don Fidencio zan yi magana.

Don Fidencio ne kaɗai ɗan garinmu da ya je yaƙin duniya na biyu, cikin Runduna ta 201 da Meziko ta tura Filifin. In an tuna da su ma, matuƙan jirgin sama ake ambata. Shi kuwa makanike ne, bai taɓa harba bindiga ba. Don Melitón mai aski, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, shi ya laƙa masa suna.

"Sojan sifana, noti nawa ka kashe a yaƙin?"

"Waɗanda na ɗaure dai ba su kwance ba," in ji tsohon. "Kai fa, kunne nawa ka yanke bana?"

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne ranar tunawa da matattu. Kowane gida yakan barbaɗa furen rawaya daga hanyar makabarta zuwa ƙofa, don mamatansa su gane hanya su zo su tarar da kyandir da abincin da suke so. Don Fidencio shi daga bakin rafi yake fara tasa hanyar furen. Muka ce ruɗin tsufa ne. Ba wanda ya tambaye shi dalili sai Apolonia, wata rana tana wanke masa gyambon ƙafa.

Ashe akwai wani laftanan, saurayi, da Don Fidencio ke gyara wa jirgi. Wata safiya ya tashi bai dawo ba, teku ta haɗiye shi, ko kabari ba shi da shi.

"Daga makabarta zai zo ne, 'yata? Ai ba ya can," ya ce mata. "Kowane rafi a teku yake ƙarewa. In ya biyo ruwa zai same ni. Ni na rufe masa murfin jirgi, ni ne fuskar ƙarshe da ya gani."

Sannan ya faɗi abin da ke cinsa. "Ba ni da mata, ba ni da ɗa. In na tafi, ni da shi duk mun zama marasa masauki."

"Baba, ɗaga ƙafar mu gani," ta ce. "Gidana yana da ƙofa, ai ka san wajen."

Halinki ke nan, Apolonia. Ba ki iya doguwar magana ba, alkawarinki a tsakiyar aiki kike yinsa. Ke ce kika riƙa goge wa Don Fidencio kakinsa na soja har ranar da aka binne shi a ciki. Ke ce kika tsaya a bakin kabari kika kira sunansa yadda sojoji ke yi, da kika ga ba mai amsawa, kika amsa da kanki: "Yana nan." Ina wajen, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Tun daga wannan shekarar, hanya biyu take shimfiɗawa, ɗaya daga makabarta, ɗaya daga rafi, su haɗu a ƙofarta. A kan teburin mamatanta, kusa da hoton mahaifiyarta, akwai kofi biyu na kunun masara da tsohuwar sifanar Don Fidencio. In 'yan uwanta sun yi ƙorafin ta cika gida da baƙi, sai ta ce baƙon da ba ya cin komai sai ƙamshi bai isa a yi rowa a kansa ba.

Amma gwiwa ba ta san alkawari ba. Bara ta gama hanyar makabarta da ƙyar, ta gangara rafi da kwando, ta durƙusa ta kasa tashi. Masu wanki sun ganta tana hawaye, ba don ciwon ba, don tana ganin laftanan zai fito daga ruwa ya rasa inda zai bi. Don Melitón ne ya biyo ta wajen, ya tsaya mata a ka.

"Apolonia, mai gyaran ƙafar mutane, taki ta ƙi ke nan?"

"Wuce ka ba ni wuri, Melitón."

"Miƙo kwandon. Ta ina yake farawa?"

Ta nuna masa wani dutse a bakin ruwa. Tsohon nan, mai shekaru tamanin da ɗoriya, ya sunkuya yana barbaɗa fure har ƙofar gidanta. Da ya ga sifanar a kan tebur sai ya cire hula. Ya ce a hankali, "Saje Fidencio." Bai jira kowa ba ya amsa wa kansa, "Yana nan."

Mun gode, Doña Apolonia. Kin kula da masu rai, kin kuma buɗe ƙofa ga matattun da ba naki ba. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sassauta wa gwiwar nan.

Mu kuma sauran, bana Melitón ma bayansa ya ƙi. Kwandon yana rataye a barandarta, dutsen yana bakin rafi. Mutum biyu suna hanya, kada su zo su tarar ba fure.