Bindigar da Ta Dace da Ɓauna

A saman benenmu na bayan Bab Makka a Jidda, da an idar da sallar magariba, Kaka takan hura gawayi ta ɗora shayi. Mu jikoki mu kewaye ta, muna ta surutu da Larabci, sai ta daka mana tsawa: "Halas! Ya isa! A nan Hausa ake yi." Ta zo aikin hajji daga Gaya tun tana da ƙarfinta, ba ta sake komawa ba.

Labarin da muka fi roƙo shi ne na mahaifinta, Sanda maharbi. Wata shekara ɓauna ta addabi gonakin garinsu. Sanda yana da bindiga biyu. Ɗaya marar nauyi ce, harsashinta kamar ƙaramin yatsa, da ita yake harbin barewa. Ɗayar mai faɗin baki ce, harsashinta ya kai babban yatsa, in ta tashi sai ta bugi kafaɗar mutum kamar harbin jaki. Ƙanensa Iro ya ce ƙaramar ta isa, tunda ba ta kuskure.

Kaka takan ce, "Baba ya ce masa, 'Iro, fatar ɓauna ba ta barewa ba ce. Wannan harsashin ciwo kawai zai ji mata.'"

Sanda ya ɗauki babbar, ya yi ta gwaji a jikin kuka har kafaɗarsa ta kumbura, mutane na dariya. Iro ya gaji da jira, ya saci jiki da ƙaramar. Ya harbi ɓaunar a haƙarƙari, ta shige cikin ciyawa ta laɓe, da ya bi jini ta fito ta caka masa ƙaho a cinya. Bai sake tafiya daidai ba. Sanda ya bi sawunta, ya same ta a bakin fadama tana nishi, ƙudaje sun rufe raunin. Harbi ɗaya ya yi.

Na taɓa tambayar Kaka ko tsoro ne ya sa Sanda ya zaɓi babbar. Ta ja kunnena ta ce, "Kai maigida, ba ka ji labarin ba. In za ka kashe dabba, kada ka wahalar da ita."

Na daɗe ina ɗauka darasin ke nan. Sai bayan mun binne ta a nan Jidda na tuna inda muryarta ke yin sanyi: wajen bakin fadamar, tana faɗin tsayin ciyawa da ƙamshin laka, har shayin ya ƙone ba ta sani ba. Gida take zuwa ta dawo.

Kwanan baya, a tashar jiragen ruwa inda nake aiki, wani ɗan Chadi ya nuna mini ɓauna a wayarsa. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Na riƙe wayar, na rasa wanda zan tambaya ko haka tasu take.