Baban Nana Ya Dawo Daga Dutse Da Zane

'Yan uwa, yau na ga abin da ban taɓa gani ba!

Likita ya ce maigidana, Baban Nana, ya rage tumbi, sai yau da safe maigidan ya ce zai hau wani dutse a bayan gari. Ba hanya, ƙaya zalla! Kuma farar shadda ya saka, wai don hoto.

Na ce, "Mahauci da hawan dutse?"

Ya ce, "Ke dai ɗora tuwo."

La'asar sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Na leƙa zaure. Innalillahi! Mutumin nan ɗaure da jan zanen atamfa, ƙarangiya har gemu!

Na ce, "Mi ya faru? Ina wandon?"

Ya ce, "Sarƙaƙiya ta riƙe shi. Na ja, ta ja, ta fi ni ƙarfi."

Ashe wata Bafulatana mai tallar nono ce ta tausaya, ta warware gammonta ta ba shi. Ɗiyata ta dube shi, ta tafa hannu: "Inna biyu!"

Don Allah, wadda ta san mai nonon nan ta hanyar Wurno, ta ce ta zo Unguwar Rogo ta karɓi zanenta. Kuma kada ku faɗa wa mazanku!